Sunan da Na Ara wa Mainasara

Ranar da aka kashe yayana Mainasara a hanyar Mashi, sunana aka faɗa a rediyo. Ina zaune kan babur a bakin tasha ina jiran fasinja, sai mai shayi ya ƙara murya. Aka ce 'yan fashi sun buɗe wuta a wani shingen bincike, ɗan sanda ɗaya ya rasa ransa, Kofur Hafizu Isyaku, mutumin Daura. Mai shayi ya dube ni, ni ma na dube shi. Ya san gidanmu, saboda haka bai tambaye ni komai ba. Ya kashe rediyon ya ce, "Je ka gida, Inna na buƙatarka."

Hafizu Isyaku ni ne. Yadda sunan ya koma kan ƙirjin Mainasara ba ɓoyayyen abu ba ne, duk unguwarmu an sani. Lokacin da farar hula suka karɓi mulki aka yi ta ɗaukar 'yan sanda, sai mai takardar makaranta ake ɗauka, kuma ban da wanda shekarunsa suka yi nisa. Mainasara yana da tsawo, yana da ƙirji, yana ɗora wa kansa buhun gero ba mai taya shi. Amma bai taɓa zama a aji ba, allo kawai ya yi, kuma shekarunsa sun wuce. Ni kuwa na kai aji uku na sakandare kafin zaman benci ya ishe ni. Takardata tana cikin kwallar Inna, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da salla. Ta ciro ta, ta miƙa masa a gabana.

Na ce, "Aro ne fa."

Mainasara ya ce, "Aro ne. Da na zauna da gindina a aikin zan karɓo maka abarka."

Ni na koya masa sa hannu, da gawayi, a bangon zaure. Ya tafi horo ya dawo da kaki da sunana a aljihun gaba. Ni kuma na shiga abin da na saba. Na yi walda, na yi dakon fetur a jarka zuwa bakin iyaka, na sayar da rake, na sayar da kaset ɗin wa'azi lokacin da aka ƙaddamar da shari'a kasuwarsa ta buɗe. Babu sana'ar da na ga damina biyu a cikinta. Daga ƙarshe na karɓi babur ɗin wani na fara acaɓa.

An kawo gawar da azahar, aka yi sutura kafin la'asar. A zaman makoki mutanen da suka ji a rediyo suka riƙa zuwa yi wa Inna ta'aziyyata, suna tarar da ni ina shimfiɗa musu tabarma. Malaminmu na lissafi ya zo. Ya cire takalmi ɗaya, ya ɗago ya gan ni, ya tsaya da ɗayan a ƙafa.

Ya ce, "Kai ne?"

Na ce, "Ni ne, Malam."

"To wa ya rasu?"

"Yayana."

Ya zauna ya yi addu'a mai tsawo. Da zai tafi ya ce dama ya yi mamaki da ya ji na daɗe a aiki ɗaya har na zama kofur.

Mainasara ya bar mata ɗaya, Kubura, 'yar garin Babban Mutum da ke wajen Baure, da yara biyu: Sadiya da ta fara zuwa islamiyya, da Yazid da aka yaye bara. A gidanmu suke, a ɗakin da ke kusa da rijiya. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Inna tana yin ƙuli-ƙuli, ni ina kawo abin da ya rage bayan mai babur ya karɓi nasa, kuma sau da yawa abin da ke ragewa labari ne. Albashin Mainasara shi ke ɗora tukunya a gidan.

Mahaifin Kubura, Malam Ɗantsoho, ya zo sadakar bakwai. Tsoho ne siriri da ba ya ɗaga murya. Bayan mutane sun watse ya sa aka kira masa Inna, ya zauna a zaure, ita tana daga bakin ƙofa.

Ya ce, "Ba zan ɓoye muku ba. In ta fita takaba zan zo in tafi da ita. Ba zan bar 'yata a gidan da ba mai ciyarwa ba. Yara kuwa naku ne. Fara ta cinye mana gero bana, baki ɗaya zan iya ƙarawa, ba uku ba."

Inna ta ce, "Yazid ko kwana ba ya yi sai a bayanta."

Ya ce, "Zai saba. Mu ma duk mun saba."

Kubura tana jin su daga ɗaki. Daga ranar ba ta ƙara barin Yazid ya fita ko tsakar gida ba.

Ana nan sai ga Sajan Kabo, abokin aikin Mainasara, wanda suke tare a shingen ranar. Ya cire hula ya zauna. Ya ce akwai haƙƙin da ake ba matar ɗan sandan da aka kashe a bakin aiki: wani a dunƙule, wani kuma duk wata, don ta riƙe kanta da yara. Ya ce Mainasara tun da ya shiga aiki sunan Kubura ya bayar a matsayin magajiya. Abu ɗaya ya rage, ta je gaban alƙali ta yi rantsuwa cewa ita ce matar marigayin, a kai takardar Katsina.

Aka aika wa Malam Ɗantsoho. Ya aiko da amsa cewa in gwamnati za ta ciyar da su, ta zauna da 'ya'yanta, shi ba shi da ja.

Ni aka ba aikin in faɗa mata. Tsakanina da Kubura wasa ne tun ranar da aka kawo ta, kamar kowane ƙanin miji da matar wa. Tana ce mini Sarkin Yawo, ina ce mata 'yar ƙauye. Na tsaya a bakin labule na yi mata bayani tun daga farko.

Ta ce, "Me zan ce a rantsuwar?"

"Ki ce ke ce matar marigayi Kofur Hafizu Isyaku."

Ta ɗan ɗaga labule ta dube ni daga sama har ƙasa. Ina cin gyaɗa.

Ta ce, "Hafizu."

"Na'am."

"Ka ga ka amsa."

Ta saki labulen.

Na ce, "Haba 'yar ƙauye, magana ce ta minti ɗaya."

"Da Alƙur'ani?"

"Yanzu ai duk da shi ake yi."

"Da alwala?"

"Da alwala."

"In ɗauki Alƙur'ani in ce ni matarka ce, kuma in ce ka mutu. Ƙarya biyu a numfashi ɗaya. Ko ɗaya ce ba zan iya ba. Allah ya tsare ni da zama matarka, kai da ko zama ba ka iya ba."

A shekarun nan maganar rantsuwa ba wasa ba ce a Daura. Kowa yana da labarin wanda ya rantse a kan ƙarya ya ga abin da ya gani. An ce wani mai awo bakinsa ya karkace kafin ya kai bakin titi. An ce wani dillalin shanu ya manta hanyar gidansu, har yau yana zagaye rijiyar Kusugu. Ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ni ma da za a miƙo mini littafin sai na yi tunani.

Na kawo mata dabaru. Na ce ta je ba alwala, sai rantsuwar ta ƙi kamawa. Ta ce laifi ya zama uku. Na ce ta faɗi sunan da baki, a zuciya tana nufin Mainasara. Ta ce Allah ba magatakarda ba ne da za a yi masa wannan. Na ce to ta shirya rabuwa da Yazid. Sai na ji tana bubbuga bayan yaron a hankali ko da yake barci yake yi. Na yi da-na-sanin faɗar haka, na ajiye mata sauran gyaɗar a bakin ƙofa na fita.

Inna ma ta kawo tata dabarar. Wata safiya tana murza tunkuza ta ce, "Abin ai da sauƙi. In ta fita takaba a ɗaura mata aure da wannan. Shi ke nan ta zama matar Hafizu, ba ƙarya."

Kubura ta ce daga ɗaki, "Saura marigayin, Inna."

Inna ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ci gaba da murza.

Na ce, "Inna, me kike kallo?"

Ta ce, "Ba komai. Miƙo mini ruwan zafi."

Ni ma a lokacin ina da tawa damuwar. Abokina Hamma ya tafi Fatakwal bara, ya samu aikin gadi a wani kamfani. Duk ranar Juma'a ina zuwa wurin mai wayar kuɗi a ƙarƙashin laima ya kira ni. Yana ba ni labarin ruwan da ba a ganin ƙarshensa, da jiragen da suka fi unguwarmu girma, da ɗaki mai fanka. Ya ce ana neman ƙarin mutum ɗaya, ya riga ya yi mini magana, amma ba sa ɗaukar wanda ba shi da takardar makaranta ta ainihi. Tunda nake ban taɓa son abu ya wuce mako ba, amma Fatakwal ta zauna mini a rai. Na haddace motocin da zan hau. Na sayi jaka.

Na je na samu Sajan Kabo yana cin abinci a wata rumfa. Na ce, "Yallaɓai, tunda mai aron ya rasu, ina son takardata."

Ya ci gaba da tauna har ya haɗiye. Ya ce, "Takardarka tana cikin fayil ɗinsa. Ana iya ciro ta. Amma in ka zo ka ce kai ne mai ita, to wanda aka harbe a hanyar Mashi ba ma'aikacinmu ba ne, wani mutum ne kawai da ya sa kaki. Ba a biyan matar wani mutum kawai."

"In kuma aka biya ta?"

"To mai takardar nan ya mutu, an rufe. In ka kai sunan wani wuri neman aiki, ranar da aka haɗa biyun za a tsayar da nata, a nemi wanda aka riga aka ba ta."

"Fatakwal fa da nisa."

Ya ce, "Da nisa. Takarda ma mota take hawa."

Ban faɗa wa kowa wannan a gida ba. Na ci gaba da zuwa wurin mai laima, ina ce wa Hamma ya riƙe mini wurin.

Kubura ta fita takaba. Washegari Malam Ɗantsoho ya iso da sassafe, da ƙullin igiya a hannu na ɗaure gado da katifa. Sajan Kabo ya roƙe shi ya bari a gwada kotu tukuna. Kubura ta ce za ta je, amma kada wanda ya sa rai. Aka bar yara wurin Inna. Muka tafi mu huɗu.

A hanya Sajan Kabo yana ta koya mata. Ya ce kada ta yi dogon bayani, abin da magatakarda ya faɗa kawai za ta maimaita. Ni kuma ya ce in zauna a baya, in aka tambayi sunana in yi tari.

Kotun ɗaki ne ɗaya mai benci a jere. Alƙalin tsoho ne mai tabarau, ya naɗa rawani sama-sama kamar wanda aka taso daga barci. Kafin mu an yi shari'ar akuya da ta ci shukar wani, aka gama. Magatakarda ya kira Kubura. Ta fito ta durƙusa.

Alƙali ya ce, "Me ke tafe da ke?"

Ta ce, "Allah gafarta Malam, an ce in rantse ni matar Hafizu ce kuma ya mutu. Ga Hafizu can a bencin baya."

Sajan Kabo ya sa hularsa a fuska. Ni kuma na yi tari, ko da yake lokacinsa ya wuce.

Alƙali ya ce in matso. Na matso na durƙusa. Ya sa na ba shi labarin tun daga kwallar Inna. Bai katse ni ba. Da na gama ya juya wurin Sajan Kabo.

"Kai ne abokin aikinsa?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Da wane suna kuke kiransa a wurin aiki?"

"Hafizu."

"Yana amsawa?"

"Ya fi kowa ƙarfin amsawa."

"Aikin, shi yake yi ko wannan?" Ya nuna ni da biro.

Sajan Kabo ya dube ni ya ce, "Shi yake yi, Allah gafarta Malam. Wannan ba zai iya tsayuwar awa ɗaya ba."

"Ranar da aka harbe shi, kana wurin?"

"Ina wurin. Da ya faɗi na kira shi, Hafizu, Hafizu. Ya buɗe ido ya ce na'am."

 Kubura ta ja mayafi ta rufe fuska. Alƙali ya cire tabarau ya goge shi da bakin rawani, ya mayar.

Ya ce, "Yadda ya shiga aikin ba daidai ba ne, kuma ba zan ce daidai ne ba. Amma ba shi aka kawo mini ba, ya tafi inda za a tambaye shi. Abin da ke gabana shi ne ko wannan baiwar Allah za ta rantse ba ta yi ƙarya ba. Mutum yana iya samun suna biyu. Sunan da mutum ya yi shekaru yana amsawa, ya ci abinci da shi, ya mutu da shi, ana iya cewa nasa ne. Matsalar ɗaya ce." Ya dube ni. "Ranar da ka ba shi, me ka ce?"

Na ce, "Aro na ce."

"Ka taɓa cewa ya dawo maka da shi?"

"A'a. Ban buƙace shi ba sai yanzu."

"To kayan aro ba na mai aro ba ne. In ya mutu, mai kaya yana zuwa ya ɗauki abinsa, magada ba su da ta cewa. In ka ce kana son abinka, zan rubuta haka, ka tafi da shi, ita kuma ba za ta rantse a gabana ba. In kuma ka ce ka bar masa, to ya zama nasa, babu komawa. Kai ma sai ka yi alwala ka riƙe littafin, ka ce ba za ka ƙara neman aiki ko tafiya da wannan suna da wannan takarda ba. Ba zan yarda suna ɗaya ya ci abinci a wuri biyu ba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, in na bar masa, ba zan iya ɗan ara daga baya ba?"

Ya ce, "Daga wa?"

Wani a bencin baya ya yi dariya, ɗan sandan kotu ya ce a yi shiru.

Na tsaya ina tunani. Jakar da na saya tana ƙarƙashin gadona, da leda a jikinta. Na san in na ce ina son abina ba wanda zai zage ni, don nawa ne, ni na sha bulalar aji ɗaya zuwa aji uku kafin a ba ni. Na waiwaya. Malam Ɗantsoho yana zaune da igiyarsa a cinya, yana warware ta yana sake naɗewa. Kubura ba ta dube ni ba. Da ta dube ni da wataƙila na yi gardama, don na saba yin gardama da ita.

Na ce, "Ina buta?"

Aka nuna mini bayan kotu. Na yi alwala a hankali yadda ban taɓa yi ba. Na dawo, magatakarda ya miƙo mini Alƙur'ani a cikin gafaka. Na riƙe da hannu biyu na ce na bar wa yayana sunan da takardar, duniya da lahira, ba zan ƙara neman komai da su ba. Bakina bai karkace ba.

Alƙali ya ce, "An ji. Ke kuma, yanzu kin gamsu sunan mijinki ne?"

Kubura ta ce, "Tunda mai shi ya bar masa, Malam kuma ya ce ya zama nasa, na gamsu."

Ta je ta yi alwala ta dawo ta karɓi littafin. Sajan Kabo ya sauke hular daga fuska. Magatakarda ya gyara murya.

Ya ce, "Ki ce: ni Kubura Ɗantsoho."

"Ni Kubura Ɗantsoho."

"Na rantse ni ce matar marigayi Kofur Hafizu Isyaku."

"Na rantse ni ce matar marigayi Kofur..."

Ta tsaya.

Magatakarda ya ce, "Hafizu Isyaku."

Ta sunkuyar da kai.

Sajan Kabo ya ce a hankali, "Inna lillahi. Kubura, me kuma?"

Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, kin ce kin gamsu."

Ta ce, "Na gamsu, Allah gafarta Malam. Shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Ai yanzu sunansa ne. Ni tunda aka kai ni gidansa ban taɓa kama sunansa ba. Ba zan fara yau ba, a gaban mutane, ga Babana zaune."

Wannan sunan, ta kira shi a tsakar gidanmu ya fi a ƙirga. Ta kira shi in ɗebo ruwa, ta kira shi in sauka daga katanga, ta kira shi da zagi a gaba da zagi a baya. Ko a safiyar ranar sai da ta ce Hafizu ka taka mini wanki.

Na ce, "'Yar ƙauye, ɗazu fa kika faɗa a nan wurin."

Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ɗazu naka ne."

Malam Ɗantsoho ya gyaɗa kai daga inda yake, kamar wanda ya ga tarbiyyarsa ba ta tafi a banza ba. Bai lura cewa tarbiyyar tana shirin raba 'yarsa da 'ya'yanta ba.

Alƙali ya daɗe yana kallon rufin ɗakin. Sannan ya ce wa magatakarda, "Kai ka faɗi sunan da ƙarfi. Ke kuma littafin yana hannunki, in wanda ya faɗa mijinki ne, ki ce shi ne."

Magatakarda ya ce, "Marigayi Kofur Hafizu Isyaku."

Kubura ta ce, "Shi ne. Na rantse shi ne."

 Ta miƙa littafin da sauri don kada hawaye ya zuba a kan gafakar.

Alƙali ya ce a rubuta. Ya ce a ƙara a ƙasa cewa a gida Mainasara ake kiransa, don kada gobe wani ya ce kotu ta ɓoye wani abu. Ya sa hannu, ya buga hatimi. Sajan Kabo ya karɓi takardar ya sa ta cikin riga ya danne da hannu. Da za mu fita alƙali ya kira ni.

Ya ce, "Kai kuma sai ka nemi wani sunan. Ba sai da rago ba, amma in da hali ya fi."

Na ce, "To, Allah gafarta Malam."

A waje Malam Ɗantsoho ya tambayi Sajan Kabo yaushe za a fara biya. Sajan ya ce abin gwamnati ne, yana ɗaukar lokaci, amma yanzu ba abin da ya rage. Tsohon ya yi lissafinsa. Ya ce to ta zauna. Ya ce zai aiko da wake kaɗan su riƙa haɗawa kafin nan. Kuɗin bai fara fitowa ba sai bayan kaka, amma ya fito, kuma Kubura tana nan a ɗakin kusa da rijiya da 'ya'yanta biyu.

Da muka koma gida Yazid ya rugo ya riƙe ƙafarta. Ta ɗauke shi ta shige ɗaki. Inna ta tambaye ni yadda aka yi, na faɗa mata. Ta ce dama ita tun farko Ibrahim ta so a sa mini, Babanmu ne ya ƙi. Na ce zan yi tunani. Can sai Kubura ta ɗaga labule.

Ta ce, "Kai."

Na ce, "Wa?"

"Kai dai. Akwai ɗumame a tukunya, na ajiye maka mai yawan."

Da ranar Juma'a ta zagayo ban je wurin mai laima ba. Amma wannan daga baya ne. A ranar kotun, da yamma ta yi, Malam Ɗantsoho ya ce zai koma kada motar Baure ta ƙarshe ta wuce shi. Na ɗauke shi a babur. Ya zauna a baya a karkace irin na tsofaffi, yana riƙe da rigata har muka isa tasha. Ya sauka, ya gyara babbar riga, ya tsaya yana dubana.

Ya ce, "Yaro, in na isa gida aka tambaye ni wa ya kawo ni tasha, wa zan ce?"

Na ce, "Ka ce ɗan acaɓa ne, Baba."

Ya yi tunani. Ya laluba aljihu, ya ciro kuɗin acaɓa ya miƙo mini. Na karɓa.